Mai Gadin da Ke Tuna Wanda Aka Aika

Akwai wata tambaya da matasa masu koyon aikin kwamfuta suke yawan yi idan aka ɗauko musu zancen tsaro: "To wa ya san da ni?" Saurayi ne ya karɓi hayar 'yar ƙaramar uwar garke a intanet, wadda masu sana'ar ke kira saba, ya ɗora mata shafin wata makarantar firamare ko manhajar lissafin wani kantin magani. A tunaninsa ɓarayin intanet bankuna suke hari, shi kuwa me yake da shi da za a yi wa kwaɗayi?

Amsar ta fito tun 2013. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da ZMap, manhajar da ke iya zagaye adireshin IPv4 na duniya kaf, ta ƙwanƙwasa ƙofa guda a kowanne, cikin ƙasa da minti 45, da kwamfuta ɗaya tak mai layi mai ƙarfi. Adireshin nan gaba ɗayansu kusan biliyan 4.3 ne. Kafin nan, a 2009, John Matherly ya buɗe Shodan, wanda ke aiki kamar Google amma na na'urori: mutum ya rubuta lambar ƙofa da sunan ƙasa, a jero masa duk kyamarori da sabobin da suka bar wannan ƙofa a buɗe. Masu ƙwanƙwasar nan ba ruwansu da sunan maigida, lambar gida kawai suke bi a jere. Duk wanda ya kunna sabuwar saba ya bar ta kwana ɗaya, sannan ya buɗe kundin rajistar SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, zai tarar da baƙi daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna ta gwada root da admin, dare da rana.

Abin da suke nema kuwa sau da yawa ita kanta na'urar ce, ba abin da ke cikinta ba. A 2016 wasu samari uku Amurkawa, Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman, suka haɗa wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Dabararta ba ta da wani zurfi. Tana bin intanet tana taɓa ƙofa ta 23, wato ta Telnet, in ta samu a buɗe sai ta gwada kalmomin sirri kamar 60 waɗanda masana'antu ke sa wa kayansu tun daga kwali, irin su admin da 12345. Da haka ta tara dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet ta mai da su rundunarta. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tura wata rundunar Mirai kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka ke dogara da shi, sai ga Twitter da Netflix da Reddit sun gagari miliyoyin mutane a Amurka. Wata guda bai cika ba aka juya wani reshen Mirai kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ta yi ta ɗaukewa a sassan ƙasar. Wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, shi aka biya ya yi aikin, kuma a Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Masu kyamarorin nan kowannensu zai iya cewa "wa ya san da ni", alhali da kayansa aka yi ɓarnar.

Katangar tsaro, wadda 'yan sana'a ke cewa fayawol, ita ce ke yanke hukunci kan kowane fakitin bayanai da ya iso: ya wuce, ko a tare shi. Kowace na'ura tana da ƙofofi 65,535 na TCP da wasu irinsu na UDP, kowace hidima da tata lambar. Shafukan intanet na zaune a 80 da 443, SSH a 22.

Katangun farko, na ƙarshen shekarun 1980, ba su da ƙwaƙwalwa. Mai gadi ne da ke duba fuskar duk wanda ya zo kamar bai taɓa ganinsa ba. A nan matsalar take. A ce an aiki yaro kanti ya sayo sabulu. Ya fita ta gaban mai gadi, ya dawo bayan minti biyar, mai gadi ya tare shi yana tambayar wa ya sani a gidan. Haka kwamfuta take: idan ta nemi wani shafi, amsar ba ta ƙofa ta 443 take dawo mata ba, ta wata ƙofar wucin gadi ce mai babbar lamba, wadda a Linux ake zaɓa tsakanin 32768 da 60999. Mai gadin da ba ya tuna komai dole a ba shi umarni mai faɗi, a ce duk wanda ya nufi manyan lambobi a bar shi, ko duk wanda ya ce daga ƙofa ta 53 ya fito, wato ta neman adireshin shafuka, a bar shi. Ɓarayi suka gane haka da wuri, sai kawai su riƙo leda a hannu su ce daga kanti suke.

Katanga mai tuna zance ta zo ta toshe wannan. Kamfanin Check Point na Isra'ila, wanda Gil Shwed da abokansa biyu suka kafa a 1993, shi ya yayata dabarar da manhajarsa FireWall-1. A ɓangaren Linux, aikin Netfilter da Rusty Russell ɗan Ostireliya ya fara ya shiga ƙwayar tsarin a 2001 tare da iptables, daga baya nftables ta biyo a 2014. A OpenBSD ma Daniel Hartmeier ya rubuta PF a 2001. Duk ɗaya suke yi: suna riƙe da littafi. Duk zancen da aka fara ana rubuta wa ya fara shi, daga wace ƙofa, zuwa ina. Fakitin da ya buɗe sabon zance Netfilter na sa masa alamar NEW. Wanda ya zo a ci gaban zancen da ke cikin littafi shi ne ESTABLISHED. Wanda ke da dangantaka da wani zance, kamar saƙon kuskure da ke cewa hanya ta toshe, RELATED ne. Wanda kuwa ya zo yana amsa sallamar da ba a yi ba, INVALID.

Amfanin wannan littafi guda ɗaya ne, amma babba: yana ba mutum damar rufe duk ƙofofin shigowa ba tare da ya hana yaran aikensa dawowa ba.

Daga nan nasihar take farawa. Matashi ya fara da rufewa, sannan ya buɗe abin da yake da hujja a kansa. Da yawa suna yin akasin haka: su bar komai a buɗe, in sun ji labarin wata ƙofa mai haɗari su je su toshe ta. Wannan tsere ne da ba a cin sa, don mai toshe ramuka ɗaya bayan ɗaya kullum yana bayan ɓera. Wanda ya rufe duka kuwa jerin da zai riƙe a kai gajere ne, ƙofa biyu ko uku, kowacce ya san dalilinta.

Sai tsarin jeri, wanda a nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Katanga tana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, kuma dokar farko da ta dace da fakiti ita ke yanke masa hukunci, sauran ba za a duba su ba. Saboda haka a saman jeri ake barin na'ura ta yi magana da kanta ta adireshin 127.0.0.1, in ba haka ba manhajojin cikinta su kasa jin juna. Daga nan dokar barin ESTABLISHED da RELATED, don mafi yawan fakitoci a nan za su tsaya, ba sai sun bi dogon layi ba. Sai a zubar da INVALID. Bayan nan ne ake buɗe ƙofofin NEW ɗaya ɗaya, a ƙarshe kuma duk abin da ya rage a tare shi. Wanda ya sa dokar hana wani adireshi a ƙasan dokar da ta riga ta bar kowa ya shiga 443, ya yi aikin banza, kuma katangar ba za ta ce masa uffan ba. A Ubuntu akwai UFW da ke sauƙaƙa duk wannan, sai dai a kashe take zuwa, sai an kunna ta da hannu.

Kusan kowane tsohon hannu a aikin nan ya taɓa kulle kansa a waje. Yana zaune a Kano, sabar tana Frankfurt, ya buga dokar rufe komai kafin ya buɗe wa kansa 22, allon ya tsaya cak. In rawta ce, wato na'urar rarraba intanet, a saman hasumiya a wani ƙauye, sai neman mai babur. Masu ƙera kayan sun san da wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa suka tanadi igiyar ceto. MikroTik na da Safe Mode, wanda ke warware duk sauyin da aka yi idan layi ya yanke. A na'urorin Juniper akwai commit confirmed, da ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba a tabbatar ba. A Linux akwai iptables-apply, ko kuma mutum ya sa umarnin at ya goge dokokin bayan minti biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a taɓa dokar farko ake ɗaura igiyar, kuma a buɗe taga ta biyu a gwada sabuwar shiga kafin a rufe ta farko. Dalilin taga ta biyun shi ne, wadda ake ciki ta riga ta shiga littafi, za ta ci gaba da aiki ko da an rufe ƙofar, sai ta ruɗi mai ita ya ɗauka komai lafiya.

Akwai kuma wata mantuwa da wutar NEPA ke tonawa. Dokokin da aka buga da iptables a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zaune. In ba a adana su ba, ranar da aka ɗauke wuta na'ura ta sake tashi, za ta tashi ne tsirara, tana aiki lafiya lau, babu wanda zai lura. Duk wanda ya gama saiti ya sake kunna na'urar da gangan, ya duba ko dokokinsa sun dawo.

Yanzu ga muhawarar da 'yan sana'a ba sa gajiya da ita: baƙon da ba a so, a yi masa shiru ne ko a ce masa maigida ba ya nan? Shirun shi ne DROP, fakiti ya faɗa rijiya babu amsa. Korar kuwa REJECT ce, wadda ke mayar da ɗan gajeren saƙo, ko dai na ICMP mai cewa ƙofar ba ta samuwa, ko na TCP mai katse zancen nan take. Matasa sun fi son DROP, don suna jin ta mai da su masu layar zana. Ba haka ba ne. Sabar da ke amsawa a 443 ta riga ta nuna tana nan, shirunta a sauran ƙofofi ba zai ɓoye ta ba, kuma manhajoji irin ZMap ba sa tsayawa jiran amsa balle shiru ya ɓata musu lokaci.

Wanda shiru ke wahalarwa shi ne na gida. Kwamfutar Linux da ta yi sallama ba a amsa ba takan sake maimaitawa har sau shida, tana ninka tazarar jira, abin da ke kai wa minti biyu da 'yan daƙiƙu kafin ta haƙura. A duk tsawon lokacin nan akawu na kallon allo yana juyawa, yana zagin kamfanin intanet, injiniya kuma na can yana jijjiga waya yana zargin kebul. Da REJECT ce, cikin ƙiftawar ido za a ga an ƙi, a san inda za a duba. A ganin mai wannan rubutu, fuskar da ke kallon cikin ofis REJECT ta dace da ita. Fuskar da ke kallon intanet kuwa DROP ta fi, ba don ɓuya ba, sai don adireshin da ke jikin fakiti ana iya ƙirƙirarsa, kuma mai amsa wa kowa zai iya tsintar kansa yana jifan wanda bai ji ba bai gani ba. Wani ɗan ƙarin bayani: a iptables hukuncin ƙarshe na jeri ACCEPT ne ko DROP kawai, mai son REJECT sai ya rubuta ta a matsayin dokar ƙarshe.

Zafin nama kuma kan sa wasu su toshe ICMP gaba ɗaya don kada a yi musu ping. Illar ba ta fitowa nan da nan. Ta ICMP ne hanya ke gaya wa mai aikawa cewa fakitinsa ya yi girma, ya rage. In saƙon bai iso ba, ƙananan shafuka su buɗe, manya su maƙale a tsakiya, a yi kwana uku ana neman aljanin. A IPv6 abin ya fi tsanani, don da ICMP na'urori ke gano maƙwabtansu, toshe ta kashe layin ne ɗungurungum. Tun da an ambaci IPv6: iptables ba ta san da shi ba, yana da tasa daban mai suna ip6tables. Sabobin haya da yawa da adireshi iri biyu suke zuwa, sai mutum ya kafa ƙofar ƙarfe a gaban gida ya bar bayan gida babu ko zana. A nftables ana iya haɗa su a tebur ɗaya mai suna inet.

Wasu ƙofofin ba su da abin yi a bakin titi ko kaɗan. Ta 445, wadda Windows ke raba fayiloli da ita, ita WannaCry ta bi ranar 12 ga Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa. Microsoft ta fitar da facin matsalar tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin nan. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganawa da marasa lafiya kimanin 19,000, kuma ofishin binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya ce a rahotonsa da an kula da katangun da ke fuskantar intanet da an kauce wa kamuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wadda ta fi kusa da matasanmu ita ce 8291, ƙofar Winbox ta MikroTik, kamfanin Latbiya da rawtocinsa suka cika shagunan intanet da wuraren sayar da wayfay na unguwa. A Afrilun 2018 aka gano wani rami da ke ba baƙo damar kwashe kalmomin sirrin na'urar ba tare da ya shiga ba. Kamfanin ya yi faci cikin gaggawa, amma masu kayan ba su ɗora ba. Zuwa Agusta masu bincike sun ƙirga rawtoci wajen 200,000, akasari a Brazil da farko, da aka sa suna haƙo kuɗin Monero da kwamfutocin abokan ciniki. Abin takaicin shi ne ƙananan na'urorin MikroTik da katanga mai kyau suke fitowa daga kwali. Mai koyo ne ke goge asalin saitin don ya fara daga fari fat kamar yadda ya gani a bidiyo, ya saita wayfay da tikiti, kuɗi ya fara shigowa, zancen katanga ya bi ruwa. Ƙofar sarrafa na'ura, ko Winbox ce ko SSH ko 3389 ta Windows, a taƙaita ta ga adireshin masu kula, ko a ɓoye ta bayan VPN irin WireGuard.

Masu rubuta manhaja su ma da nasu tarkon, sunansa Docker. Matashi ya kunna UFW, ya ga ta rubuta cewa an hana shigowa, hankalinsa ya kwanta. Sai ya tayar da rumbun bayanai a Docker ya wallafa ƙofa ta 3306. Docker kuwa nata dokokin take rubutawa kai tsaye, fakitin na karkacewa kafin ya iso wurin UFW, rumbun na nan a bakin kasuwa. Takardun Docker da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Maganin ƙanƙane ne, a sa 127.0.0.1 a gaban lambar ƙofar. A Janairun 2017 dubun dubatan rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe a 27017 aka share su tas, aka bar wa masu su takardar neman Bitcoin.

Sai dai ƙwaƙwalwar mai gadin nan ita ce kuma lagonsa. Duk zancen da aka fara daga cikin gida amintacce ne a wurinsa, kuma da ɗan gari kan ci gari. A Disambar 2021 aka bankaɗo ramin Log4Shell a wata manhajar rubuta rajista ta Java da ke cikin dubban kayayyaki. Maharin ba ya fasa ƙofa. Ɗan rubutu yake turawa ta 443 kamar kowane baƙo, rubutun ya sa sabar da kanta ta kira waje ta ɗauko mugun kaya. Yaron gida ne ya fita, ya dawo da ɓarawo a bayansa, mai gadi ya duba littafi ya ga ESTABLISHED ya buɗe musu. Sabobin da aka hana su fara zance da waje, in ban da 'yan wuraren da aikinsu ke buƙata, sun fi samun sauƙi. Tace masu fita aiki ne mai gajiyarwa, a kwamfutar ma'aikaci ma kusan ba ya yiwuwa, amma sabar rumbun bayanai ba ta da wata hujjar kiran baƙon adireshi da tsakar dare.

Littafin ma yana cika. In ya cika, Linux na rubuta cewa tebur ya cika tana zubar da fakiti, sababbin baƙi na gari su kasa shiga alhali na'urar ba ta ko yi gumi ba. A asalin saiti zancen TCP da ya yi shiru yana iya zama a littafin har daƙiƙa 432,000, kwana biyar cur. Saboda wannan ne wanda ya gano ɓarawo ya sa dokar hana shi a ƙasan dokar ESTABLISHED zai ga ɓarawon na nan daram, sai an goge layinsa da umarnin conntrack.

Dokar da ta fi kowacce tsawon rai a kowace katanga ita ce wadda aka ce ta ɗan lokaci ce. Oga na gaggawa, wani ɗan kwangila na son shiga, a buɗe masa "zuwa gobe". Shekara uku ɗan kwangilar ya bar gari, wanda ya buɗe ya sauya aiki, wanda ya gaje shi na tsoron gogewa kada wani abu ya lalace. Da iptables da nftables da MikroTik duk suna da wurin rubuta sharhi a jikin doka. Suna, dalili, da ranar rufewa, kalmomi shida sun isa.

In an gama, sai a fita waje a ƙwanƙwasa. Gwaji daga cikin ofis ba ya nuna abin da baƙo ke gani, don haka a kashe wayfay, a jona kwamfuta da datar waya, a tura Nmap, manhajar da Gordon Lyon ya fitar tun 1997, kan adireshin. Ƙofofi 1,000 da aka fi amfani da su kawai take dubawa in ba a ce mata ta bi duka ba, kuma IPv6 sai an nema daban. Na'urar da mutum ya mallaka ko aka ba shi izini a rubuce kaɗai zai gwada, don a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa kwamfutar wani ba izini, kuma "gwaji nake yi" ba hujja ba ce mai ƙarfi a gaban alƙali. Kafin a danna, a rubuta a takarda ƙofofin da ake sa ran gani a buɗe. In takarda ta ce 443 kaɗai, allo kuma ya nuna 443 da 3306, to aikin yinin nan bai ƙare ba, a koma a duba abin da Docker ta rubuta.